Ranar da Na Ƙona Hatiman Ofis

Ni aka ɗora wa aikin kafa sabuwar manhajar ba da izinin gini a ƙaramar hukumarmu a Jos. Taro ya cinye ni har na rame, amma na yi imanin zamanin tawada ya ƙare. Ana gobe ƙaddamarwa na tattara duk hatiman roba na ofis, na cinna musu wuta a bayan sakatariya. Har jawabi na yi a gaban hayaƙin.

Washegari Madam Ngozi, mai shago a Anguwan Rukuba, ta karɓi izini na farko a gaban Ciyaman. Ta juya takardar gaba da baya.

"Oga, ina hatimi?"

Na ce kwamfuta ta riga ta tabbatar.

"In masu rusau suka zo, kwamfuta ne zai tare katafila?"

Ciyaman ya miƙo hannu, ko kallona bai yi ba. "A kawo hatimi."

Abokin aikina Dung ya nuna masa tokar ta taga.

Manhajar na aiki har yau, tare da sababbin hatimai. Ni kuwa da na shigo ofis sai Dung ya ce, "Ku kulle durowa, Oga Ashana ya iso."