Ranar da Na Buɗe Tsakiya

Shekara ashirin ina karanta tarihin yaƙe-yaƙe, don haka ranar da kocinmu na Ƙofar Sauri ya kwanta ciwo, ga wasa da 'yan Batagarawa, ban jira an roƙe ni ba.

Na tsuguna na zana wa 'yan wasa dabarar wani tsohon janar a ƙasa: a buɗe tsakiya, a ja da baya kamar an tsorata, in abokan gaba sun kutso a rufe su.

Sale, golanmu, ya ce, "Malam, shi janar ɗin nan akwai raga a bayansa?"

Na ce ya bar wa masu karatu.

Aka buɗe tsakiya. Kafin hutun rabin lokaci sun zura mana biyar. Kocinsu har hannu ya zo ya ba ni.

Yau filin ya zama shaguna, abokan sun watse. Da za a dawo mini da su, wallahi ko goma a ci mu. Sale kaɗai ya rage, yana sayar da taya a wurin. Kullum na gifta sai ya miƙe ya ƙame: "Janar, a buɗe tsakiya?"