Salansar Dogo Ba Ta Cikin Gado

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya cika ɗan gurbin da ya rage a cikinta, Malam Haladu mai ɗinkin katifa na unguwar Abena yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙiya tunda su suka riga kowa ji, rasuwar babur ɗinsa Dogo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Marigayin ya cika ne a garejin Idi bakanike, bayan gajeriyar jinya da ba shi ya jawo wa kansa ba, yana da shekara goma sha wani abu a hannun mai shi.

Duk wanda ya san Dogo ya san mai haƙuri ne. Baƙi ne, mai faɗin sirdi, irin dogayen baburan nan da mahayinsu ke zama a kishingiɗe kamar mai jiran a zubo masa shayi. An ƙera shi don yawon shan iska a kan kwalta, amma ƙaddara ta kawo shi gidan mai katifa, bai kuwa taɓa nuna girman kai ba. An ɗora masa auduga, an ɗora masa soso, an ɗora masa Hanatu uwargida da kwandon cefanenta. Ya sha fetur ɗin kwalba na bakin titi, mai kyau da marar kyau, bai taɓa tofarwa ba. Aibinsa ɗaya, ba ya tashi sai ya yi tari. A buga masa ƙafa, ya ce "tuf, tuf," ya yi shiru kamar mai nazari, sannan ya ɗauka, "gur-gur-gur-gur, tas!" Wannan "tas" ɗin daga wata 'yar huda take fitowa a salansarsa, wadda dutse ya yi masa tun yana sabo, Malam Haladu kuma ya hana a toshe.

Dalilin hanawar yana can unguwar Lamadji, zaune a kan tabarma. Inna Zaliha ce, mahaifiyar Malam Haladu, wadda idanunta suka daɗe da rufewa. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce mai alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta tambayarsa lafiya, ko zazzaɓi yake yi sai dai ta aika a tambayo. Haka suka rayu, ana gaisuwa a taƙaice ana yin shiru, har Allah Ya kawo Dogo. Tun daga kwanar masallaci take jin tarinsa. Kafin a kashe shi ta gyara zama ta ɗaga murya, "Sannu da zuwa, Dogo. Ka sha rana. Sun ba ka abinci kuwa, ko sai aiki?" Sai Malam Haladu ya amsa daga bakin ƙofa, "Ya ci, Inna, ya ƙoshi." Ta ce, "Ina jin tarin nan ya ƙaru, a nema masa magani." Ya ce, "Ya ji sauƙi, Inna, yana gaishe ki." Duk gidan sun san ba cikin babur ake tambaya ba, babu kuma wanda ya taɓa faɗa.

To, ga yadda ajali ya zo, kuma iyalan mamacin sun ce a rubuta shi dalla-dalla. Rufa'i, ƙanin Hanatu, shi ya zo aro ana tsakiyar damina, wai zai kai gaisuwar biki unguwar Sabangali ya dawo. Mutumin da ko keke ba ya riƙewa da kyau! Amma ƙanin mata abokin wasa ne, ba a hana shi abu a zauna lafiya da yayarsa. Bai tsaya Sabangali ba. Ya ɗauki abokinsa suka shiga gari nuna kansu, suka tarar da tafkin ruwan sama ya cinye hanya, masu baburan kilando 'yan haya da suka san hanyar kamar tafin hannunsu duk sun tsaya suna kewayawa. Shi gwani ya murɗa mai ya faɗa ciki. Dogo ya ce "gur," ya ce "bul-bul," ya yi shiru. Maimakon ya turo shi gida, sai ya hau buga masa ƙafa, yana bugawa yana ƙara bugawa, har wani abu ya karye a ciki. Da aka tambaye shi, bakinsa bai ko yi nauyi ba, ya ce, "Wallahi yaya, ruwan ko gwiwa bai kai ba." Gwiwar wa? Ta raƙumi?

Idi ya buɗe cikin marigayin, ya duba, ya goge hannu a tsumma ya ce, "Kalas, zance ya ƙare, Malam Haladu. Moter, injin ke nan, ya sha ruwa, hannun fistin ya karye ya fasa gidan. Irinsa kuma an daina kawowa. Sai haƙuri."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ba a ko share hawaye ba, sai ga Abdussamad dillalin babura, wani Bakano da bai daɗe da zuwa garin ba, ya shigo ta'aziyya da sabon babur a ƙarƙashinsa. Wai ƙanin Dogo ne, gida ɗaya suka fito, an dai sake masa fasali ne. Malam Haladu ya zagaya shi, ransa na ƙara ɓaci. Ƙafar tayarwa babu, sun cire, sai wani maɓalli da ake dannawa kamar rediyo. Ranar da batir ya mutu a bayan gari sai mutum ya karanta masa Yasin. Wurin zaman baya sun mai da shi kamar faifai, ko kaza ba za ta zauna da daɗi ba balle Hanatu. Sun manna masa gilashi irin na waya a goshi. Wanda ya zana shi dai bai taɓa ɗaura katifa ba, bai kuma taɓa ganin taɓon Lamadji ba. Amma tsakani da Allah, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, birkinsa kamar an kama shi da hannu, kuma ciwon bayan da Malam Haladu ke fama da shi ya yaba da sirdin gaba. Ga katifun mutane jibge a shago babu mai kai su. Zuciyarsa ta rabu biyu, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Abdussamad ya ce, "Alhaji, ka hau ka gwada kawai. Ka ji shi? Ba ka ji ba ko? To ai shi ne aikin. Ko jariri ne ke barci ba zai tashe shi ba."

Ya hau, ya nufi Lamadji bayan la'asar. Ya wuce kwanar masallaci, babu abin da ya faru. Ya tsaya a ƙofar gida, shiru. Ya tura ƙyauren langa-langa ya shiga, kafin ya yi sallama Inna Zaliha ta ji takun mutum a kanta. Ta zabura, ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Inta yatu?" Wato kai wane ne, da Larabcin gari, harshen da take yi wa mai awon lantarki da baƙon da ya ɓata hanya. A cikin gidan nan ba ta taɓa yi masa magana da wani harshe ba sai Hausa.

Ya ce, "Ni ne, Inna." Ta ce, "To." Suka gaisa gaisuwar da, mai gajeren wutsiya. Ya zauna a gefen tabarma, ita tana jan carbi, shi yana kallon ƙasa, kowa da maganarsa a baki babu wanda za a aika da ita. Sai da ya miƙe zai tafi ta juya fuska wajen bango ta ce, "Shi Dogon, jikin ne?" Ya ce, "Ya rasu, Inna." Ta ajiye carbin. Can ta ce, "Allah Sarki. To yanzu wa zan tambaya?"

Malam Haladu ya yi kuka a hanya, bai kuma ɓoye ba. Da ya iso Abena kukan ya koma fushi. Ya yi fushi da Rufa'i, ya yi fushi da Abdussamad, ya yi fushi da wani mutum can a ƙasar da bai sani ba, wanda ya zauna a ɗaki mai sanyi ya yanke cewa ƙarar babur aibi ce. Ya ce wa dillali ya zo ya kwashe bebensa. Ya kwana a kan haka, ya tashi a kan akasinsa, domin katifa ba ta kai kanta gidan amarya, Lamadji kuma ba a zuwanta a ƙafa.

Marigayin ya bar mai shi, da Hanatu, da igiyoyin roba na ɗaurin kaya, da hular kwano guda wadda ba a taɓa sawa ba sai an hango 'yan sanda. Ya bar tsohuwa ɗaya a Lamadji. Ya kuma bar Rufa'i, wanda ake roƙonsa da girman Allah ya yi ta'aziyyarsa daga nesa.

Za a yi wa Dogo wanka ranar Alhamis da hantsi a garejin Idi, a raba gadonsa nan take. Tayoyi na Idi ne, fitila ta limamin unguwa, madubi na Hanatu. Gangar jikin za a miƙa ta ga masu gwangwan, Allah Ya sa su sassauta guduma. Salansa kuwa ba ta cikin gado, kada wanda ya sa mata ido. Malam Haladu ya yanke shawara zai ɗauki sabon, amma kafin ya sake taka titi Idi zai kwance masa tasa salansar ya ɗaura ta Dogo, da hudarta da tsatsarta. Abdussamad ya rantse cewa yin haka zai kashe garanti. An gode masa, an ce ya haɗa da garantin a cikin mamatan da za a yi wa addu'a.

Rakiyar salansar ranar Juma'a ce bayan la'asar, daga Abena zuwa Lamadji. Ana roƙon duk mai zuwa a kan babur ya kashe shi tun daga kwanar masallaci ya turo da hannu, don murya ɗaya ake so ta shiga layin. Idan tsohuwa ta ɗaga kai ta tambaya ko an ba shi abinci, kada kowa ya yi karambanin amsawa. Akwai mai amsawa.