Ranar Da Na Shafe Motar Kawu Da Baƙin Mai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka rantsar da kansilanmu, a shekarar da sojoji suka koma bariki. Mutane suna tuna ranar saboda mulki ya dawo hannun farar hula. Ni kuwa ina tuna ta ne saboda abin da na yi wa dattawan unguwarmu a bainar jama'a, kuma Allah Ya sani da zuciya ɗaya na yi shi.

A lokacin na gama makaranta na dawo gida unguwar Kambarawa, ba aikin fari ba na baƙi, sai zaman dakali da sauraron rediyo. Kowa cewa yake yi farar hula sun zo, aiki zai samu, ni kuwa takalmina har ya siɗe wajen zagayen ofisoshi. Ana nan sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya aiko kirana. Gishiri da kanwa yake sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma yana da wata farar a-kori-kura da yake ɗauko kaya da ita. Direbansa ya tsufa, ido ya fara gaza masa. Kawu ya ce zai ba ni makullin na gwaji. Idan ya ga na iya riƙon mota, kafin damina ta zauna za ta zama a hannuna in riƙa cin abinci da ita. Idan kuwa ban iya ba, akwai ɗan abokinsa da ke jiranta.

Wanda bai san Kawu ba zai zaci tuƙi zai gwada ni a kai. Ina! Shi damuwarsa ɗaya ce a duniya, tsatsa. Gishiri da kanwa suna cin ƙarfe, ga damina tana tahowa, ga motar ta kwana biyu.

"Ni ban tsoron ɓarawo kamar yadda nike tsoron tsatsa," in ji shi. "Ka kula mani da cikin motar ga, a yi mata mai kahin ruwa ya sauka. Ka ji ko?"

Na ce na ji, har da gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe a harkar. Gaskiyar magana ban san wane mai ba, ban san ina ake sa shi ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Sai na shiga neman shawara, kuma daga nan kaina ya fara kullewa. Mai wankin mota ya ce baƙin mai ake samu, wato wanda aka juye daga inji, a sirka shi da gas a fesa a ƙarƙashi. Wani direba a teburin mai shayi ya ce wannan wasan yara ne, giris ake shafawa da hannu. Na kusa da shi ya ce ko me aka sa, sai an bi hanyar burji ƙura ta manne a kai ta zama riga. Na gefe kuma ya rantse da Allah cewa ƙurar nan ita ce ke riƙe danshi ta kashe mota. Da na je wajen tsohon direban Kawu, amsar da ya ba ni ita ce a yi mata yadda aka saba. (Har yau ban san yadda aka saba ba.) Na dawo gida na zauna na yi tunani mai zurfi, irin na masu takardar shaida, na yanke shawarar in haɗa duka. Ta haka ba wanda zai ce na bar nasa.

Ranar jajiberin rantsarwa, bayan Azahar, na kai motar bayan gida. Na aro famfon feshin gona wajen maƙwabcinmu, na samo jarka cike da baƙin mai na sirka da gas, na kwanta a ƙasa na fara aiki. Duk ƙarfen da idona ya gani sai da na jiƙa shi. Da na zo kan salansa, bututun hayaƙi, na ga ta fi ko'ina jan tsatsa, sai tausayinta ya kama ni, na ninka mata. Na bi da giris na cusa a kowane lungu.

Da na tsaya a nan, da wataƙila ba ku ji wannan labari ba. Amma ina fitowa sai wata basira ta sauko mini. Na ce wai shin gishirin nan a ƙarƙashin mota yake zama? Ai a baya ake loda shi. Ashe ke nan daga sama tsatsa take farowa, duk mutanen nan ba wanda ya lura sai ni. Na ɗauki sauran man na tuttule a bayan motar, inda ake ɗora kaya, na sa tsumma na baje shi lungu da saƙo. Wurin ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Na ja da baya ina kallo, daɗi ya cika ni, har ina hango Kawu yana dafa kafaɗata. A zatona baƙin mai bushewa yake yi kamar fenti.

Washegari da safe Kawu ya ce in fito da mota, dattawan unguwa za mu kai sakatariya wajen rantsarwa. Sai na tuna da man jiya. Na leƙa bayan motar na taɓa, yatsana ya fito baƙi. Na so in yi magana, amma ina so aikin ya zo wa Kawu ba zato, kuma na ga ai abin mai sauƙi ne. Na ɗauko tabarmin kaba na shimfiɗa, wuri ya rufu ruf, na ce shi ke nan.

Dattawa suka fito, kowa cikin farar shadda ta sha guga, saboda an daɗe ba a ga irin wannan rana ba. A cikinsu akwai Malam Ilu, wanda aka zaɓa ya yi addu'a a madadin unguwa, kuma rigarsa sabuwa ce dal, don ranar aka ɗinka ta. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan na riƙa kama hannunsu ɗaya bayan ɗaya ina hawar da su. Wani ya shaƙi iska ya ce yana jin wari. Malam Ilu ya ce ai ƙanshin mota mai samun kulawa ke nan. Na sunkuyar da kai don kada a ga murmushina.

Muka shiga jerin gwano, Kawu a gaba kusa da ni. Tafiya a hankali, rana ta take, inji ya ɗauki zafi. Muna cikin gari na fara ganin hayaƙi a madubi. Kawu ya ce motar gabanmu ce, ya yi tsaki, ya ce mutane ba su san darajar abin hawa ba, ni ma na taya shi. Can sai 'yan acaɓa suka fara zuwa daidai tagata suna nuna mu suna ɗaga murya. Na ɗauka murnar siyasa ce, na fito da hannu ina ɗaga musu, har da danna oda.

Ina taka birki a ƙofar sakatariya, hayaƙin da iska take kwashewa ya taru ya turnuƙe mu. Wani ya yi ihu ya ce wuta. Jama'a, ban taɓa sanin dattawan unguwarmu suna da irin wannan ƙarfi ba. Mutumin da sai da na tallafe shi ya hau, shi ya riga kowa dira. Mutane suka yo kanmu suna watsa wa motar ƙasa, wata mai sayar da kunun zaƙi ta juye bokitinta a kan taya, ni kuma ina tsaye da makulli a hannu, na rasa ko in gudu, ko in buɗe inji, ko in yi salati. Da hayaƙin ya lafa aka duba, babu wuta ko kaɗan. Man da na jibga wa salansa ne yake soyuwa.

Na sauke ajiyar zuciya, na ce Allah Ya rufa asiri. Sai na ji dariya ƙasa-ƙasa daga bayanmu.

Dattawan sun jeru sun ba jama'a baya suna kallon motar. A mazaunin kowannensu akwai tambari baƙi ƙirin, fankameme, har saƙar tabarmar ta fito raɗau kamar an buga hatimi. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne kowa yana ganin na ɗan'uwansa, bai san da nasa ba. Na ga Malam Ilu ya matsa kusa da wani tsoho cikin ladabi, ya rage murya.

"Alhaji, ka yi haƙuri, kamar ka zamna bisa wani abu."

Tsohon ya leƙa bayan Malam Ilu ya ce, "Malam, ai tare muka zamna."

Daidai lokacin aka kira sunan Malam Ilu a lasifika ya zo ya buɗe taro da addu'a. Bawan Allah nan ya tattare rigarsa ta baya da hannu biyu, ya tafi a karkace yana bin bango har ya isa. Sauran kuwa aka yi ta ba su kujeru suna cewa sun gode, suka jingina da katanga har aka tashi.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya zagaya ya ɗaga gefen tabarma, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Mi ka sa mata?"

Na fara lissafo masa, baƙin mai, gas, giris. Na so in kawo masa hujjar nan ta gishiri daga sama yake ci, amma da na dubi fuskarsa sai na haɗiye ta. Da aka tashi ba dattijon da ya yarda ya sake hawa, duk acaɓa suka bi. Da muka koma gida Kawu ya karɓe makullinsa, na tabbata a raina mota ta zama ta ɗan abokinsa.

Kwanakin da suka biyo baya gida-gida muka bi muna ba da haƙuri, ni a durƙushe, Kawu yana bayani. Mai wanki ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya sallama. Ƙarshe Kawu ya kwashe rigunan ya kai marina aka rine su shuɗi mai duhu.

Bayan an yi ruwan farko ya kira ni. Na same shi ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai ake gani, yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Ya jima a ciki. Da ya fito ya kakkaɓe jikinsa, ya miƙo mini makulli ba tare da ya dube ni ba.

"Tsatsa dai ba ta cin motar ga nan kusa," ya ce. "Ka riƙe. Amma gishiri da kanwa kaɗai. Duk abin da ke sa riga, kada in ji ka ɗauke shi."

Na karɓa da hannu biyu, ban san ko yabo ba ne ko hukunci, kuma har Kawu ya bar duniya ban samu ƙarfin halin tambayarsa ba. Motar dai na ci abinci da ita shekaru, a cikinta na yi aure. Sai dai duk Juma'a idan na shiga masallaci sai in hango sahun dattawa cikin shuɗin riguna iri ɗaya, kamar 'yan ƙungiya, in lallaɓa in koma sahun baya. Tun daga lokacin, duk sanda na ji wata basira ta sauko mini wadda ba wanda ya taɓa tunaninta sai ni, nakan nemi wuri in zauna har ta wuce.