Yadda Ake Riƙe Hutu Marar Iyaka Ba Tare da An Taɓa Shi Ba

Barka da samun aiki a babban kamfanin fasaha, irin mai bene goma sha biyu duk gilashi, inda kowa ke yawo da kati rataye a wuya. A ranarka ta farko za a gaya maka cewa a nan ba a ƙidaya kwanakin hutu, ka ɗauka iya son ranka. Kada murna ta ɗebe ka. Bi matakan nan nawa, na yi maka alkawari za ka shekara biyar ba ka taɓa ko rabin yini ba, kuma a riƙa yabonka har a gaban baƙi. A kan idona Dogo ya gwada su, mai rubuta manhajar nan da teburinsa ke maƙwabtaka da nawa, kuma ko ɗaya bai ba shi kunya ba.

Mataki na 1: Gane abin da aka ba ka

A tsohon wurin aikin Dogo kwana ashirin ake ba shi a shekara, yana cinye abinsa tas, ba mai harararsa, domin haƙƙinsa ne. A nan kuwa hutun ba shi da adadi, saboda haka ba wanda ya san inda yawa ya fara. Kwana uku ya yi yawa? Biyu fa? Kowa yana satar kallon na kusa da shi, na kusa da shi ma yana satar kallonsa. Kai ma ka nemi wanda za ka riƙa leƙe.

Mataki na 2: Yi alfahari da shi a gida

Mahaifin Dogo ya shekara huɗu yana fama da yanar ido, ba ya gane mutum sai da murya. Asibiti suka sa ranar Laraba a yi aiki, Alhamis a cire bandeji. Tafiyar awa biyar ce a mota. Ƙanwarsa Auta ta kira shi yana tsaye a gaban injin kofi.

"Yaya, Baba ya ce shi ba ya son komai, kai kawai yake so ya fara gani in an buɗe idon. Shekara huɗu fa rabonsa da fuskarka."

"Haba Auta, wannan har abin roƙo ne? Ki ce masa ina nan tafe. Mu ai hutunmu ba iyaka."

Ka lura da yadda ya ɗaga murya don na kusa su ji. Haka ake so. Irin wannan hutun a baki ake cinsa, a gaban dangi.

Mataki na 3: Buɗe kalandar tawaga

Za ka tarar ranar Alhamis ake fitar da sabon zubin manhaja. Kada ka yi mamaki, duk ranar da ka zaɓa akwai abin da ake fitarwa. Sai ka tuna da mutumin da ya ɗauki kwana biyar lokacin da matarsa ta haihu. Ba wanda ya ce masa uffan, har kati aka sa wa hannu aka aika masa. Da aka zo awon aiki na tsakiyar shekara, wanda abokan aiki ke rubutawa a kan juna ba tare da suna ba, sai ga layi ɗaya: "Ba ya cika samuwa lokacin da ake bukatarsa." Yana nan har yau, teburinsa ne dai ya koma kusa da ƙofar banɗaki.

Mataki na 4: Nemi izinin da ba a nema

A kamfanin nan an haramta cewa Oga, duk ɗaya muke, don haka shugaban tawaga Koci ake ce masa. Dogo ya same shi a kan kujerar nan mai kama da buhu, wadda in ka zauna sai an miƙo maka hannu ka tashi.

"Koci, ina so in ɗan leƙa gida Laraba da Alhamis. Za a yi wa mahaifina aikin ido."

"Allah ya ba shi lafiya! Dogo, me ya sa ma kake tambayata? Ai iyali ne farko." Ya shafa gemu. "Ni dai lokacin da aka yi wa mahaifiyata aiki, daga barandar asibiti na jagoranci taro. Amma ni ne fa. Kai ka yi abin da zuciyarka ta ba ka."

Ka ga gwaninta? Bai hana ba. Ka yi godiya sau biyu, ka fito jikinka a sanyaye.

Mataki na 5: Yi ta ragi da kanka

Ba sai an taya ba. Da safe Dogo ya mayar da kwana biyu ɗaya, domin ranar aiki ai likita ake bukata, ba shi ba. Da rana ya ce zai tafi da kwamfuta ya yi aiki daga can. Kafin a tashi ya tuna cewa intanet ɗin hanya ba shi da tabbas. Ya kira Auta ya ce mene ne amfanin kiran bidiyo in ba irin wannan rana ba. Ta ce, "To, Yaya," irin "to" ɗin da ya kamata ya hana mutum cin abinci.

Mataki na 6: Halarci wuri biyu a lokaci guda

Ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya, ka shige ɗakin hutawa. Kullum ba kowa a ciki, domin ƙofarsa gilashi ce, kowa zai ga wanda ya gaji. Dogo ya ɗora kwamfuta a cinya, taro na gudana a cikinta ya kashe makirufo, waya kuma tana hannunsa. A cikin wayar ga Baba zaune a bakin gado, hannuwansa a kan gwiwa, ma'aikaciyar jinya tana ɓanɓare filasta a hankali. Zuciyar Dogo ta cika, har ya gyara wuyan riga.

Daidai nan Koci ya ce, "Dogo, kana jinmu? Shafin shiga ya ƙi buɗewa."

Dogo ya juya ga kwamfuta. Minti huɗu kacal, ya gyara abin, aka yi masa tafi. Da ya waiwayo, idon Baba a buɗe yake, ya daɗe yana kallo.

"Baba! Ya idon?"

"Alhamdulillahi. Na ga likita, na ga ƙanwarka, ashe ta zama babbar mace. Kai ma na ga kunnenka. Ashe har ka fara furfura."

"Baba, wallahi ranar Asabar ina hanya."

"Kada ka wahalar da kanka, ɗana. Koma wurin mutanenka, na ji suna kiranka."

Auta ta karɓi wayar ta kashe, ko sallama babu. Dogo ya daɗe zaune, kunya da baƙin ciki sun lulluɓe shi. In hakan ta same ka, ka juya wa gilashi baya, kada a ɗauka hutawa kake yi.

Mataki na 7: Karɓi ladanka

Washegari Koci ya kira sunansa a gaban kowa, ya ce ga mutumin da ya riƙe kamfani kamar gidansu. Da rana kuma saƙo ya shigo daga sashen kula da ma'aikata: sun lura bai ɗauki hutu ba duk shekarar nan, abin ya dame su ƙwarai, don haka sun sa sunansa a bita kan muhimmancin hutawa. Halarta dole ce. Ranar Asabar za a yi, don kada a taɓa lokacin aiki.

Ya je. Har tambaya ya yi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya biyo baya. In ka bi matakan nan, wata rana ka kira gida ƙanwarka ta ce Baba yana barci, alhali kana jiyo muryarsa yana gaya wa jikoki kalar rigunansu, kada ka zo teburina da jajayen idanu. Kamfani bai hana ka tafiya ba, Koci bai hana ka ba, ni ma ban hana ka ba. Ka bincika duk takardunka, ba inda aka rubuta.