Askin da na yi wa bishiyoyin Madam

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi wa bishiyoyin lakwal, wato makaranta, aski ba. Lokacin ina gadin wata makaranta a Zango, shugabarmu kuwa Madam Rahila ce. Ta kawo wasu 'yan dashe guda shida daga kudu, masu ganye siri-siri kamar allura, irin waɗanda ba sa kakkaɓewa ko da rani. Da za ta tafi babban hutu ta ce, "Baba, ruwa kawai za ka riƙa ba su."

Ni kuma ɗan Tirmini ne. A gonakinmu, in kana son ƙaramin gawo ya miƙe, sai ka sassabe masa rassan ƙasa, ya yi sama. Na dubi 'yan dashen nan sun yi cunkus, na ce Madam boko ta sani, ba itace ba. Na wasa wuƙa, na aske biyar tas, na bar wa kowanne ɗan tukku a ka. Na shidan yana bayan tankin ruwa, na manta da shi (Allah ya taimake shi).

Aka dawo hutu, Madam ta gani. Na ce ta ba ni wata uku ta ga aiki. Wata uku suka wuce, ba ko toho.

Ranar taron iyayen yara, akwai Mushe (wato Malam) Laminu, ma'aikacin gandun daji, cikinsu. Ya tsaya kan bishiyoyin ya ce, "Akuyar wa ta shigo nan?"

Maimakon in kama bakina, sai na fito na ce, "Ba akuya ba ce, Mushe, gyara ne. Ni na yi."

Aka tuntsire da dariya. Ya kai mu bayan tanki, ga wanda na manta ya kusa kai kafaɗata, kore shar. Ya ce, "Baba, da ganye bishiya take dafa abincinta. Gawo yana sake toho, wannan kuwa reshen da ka yanke ya tafi ke nan. Ka kwashe mata tukwane, ka ce ta yi ƙiba."

Shugaban iyaye ya ce a nemi wani gardin, wato mai gadi. Ni kuwa ina da baki takwas a gida. Sai Madam ta ce, "Alhaji, a bar min Baba. Bai taɓa fashin ba su ruwa ba. Ni ce ban gaya masa irinsu ba." Alhali ta gaya min: ruwa kawai.

Biyu suka mutu, uku suka rayu a tsumbure, har yau ba su kamo ɗan'uwansu ba. Na ƙara shekara tara a aikin, kuma kullum ina yi wa Madam addu'a. In na bi ta lakwal yanzu, a inuwar na bayan tanki nake hutawa. Cikin shidan, shi kaɗai ne bai ɗanɗani ilimina ba.