Mai Miƙar da Ruwa

Wani ne, tsohon mai gyaran keke, da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce shi. Ko cokali ya gani a lanƙwashe sai ya nemi guduma. Da sana'a ta mutu, surukinsa ya yi ta roƙo har aka ɗauke shi aikin shara a ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta. Shugaban makarantar ya ja masa kunne: in sufeto ya zo ya tafi lafiya, aiki ya tabbata. In aka samu matsala, ga ƙofa nan.

Malamin kemistiri kuwa ya sha wahala ya haɗa siffofin ƙwayoyin sinadarai da 'yan ƙwallaye da waya, ya jera su a tebur don sufeto ya gani. Ya ce wa mai sharar, "Ƙura kawai za ka kaɗe."

Gogan naka ya duba. Ga siffar ƙwayar ruwa, jan ƙwallo a tsakiya, hannaye biyu a lanƙwashe. Ga ta iskar gas ɗin da ake kira mitan, ƙafafu huɗu kowace ta kama gabanta. Ya ce, "Kai, yaran nan akwai ɓarna!" Ya ɗauko filaya ya miƙar da ruwa samɓal. Mitan kuwa a ƙasa ya sa ta, ya bi ta da guduma har ta baje.

Malam na shigowa ya dafe kai ya saki salati.

"Wa ya yi min wannan aika-aikar?"

"Ni ne, Malam. Ba sai ka gode ba."

Malam ya haɗiye fushi, ya zauna yana gyara yana bayani. Ya ce ƙwallon tsakiyar mitan sinadarin kabon ne, gauraya ɗakunan ilektoron ɗinsa yake yi su koma huɗu iri ɗaya, kowane yana gudun ɗan'uwansa.

Gogan ya ce, "Kamar gidanmu bayan rabon gado ke nan. To, ruwan fa, wa ya karya shi?"

"Ba karyewa ya yi ba, haka yake. Akwai wasu ilektoron a kan oksijin, wato jan ƙwallon nan, ba a ganinsu, su ke danne hannayen su lanƙwashe."

Gogan ya ja da baya. "Ba a ganinsu, kuma suna danne abu? A ruwan da muke sha?"

"A kowane ɗigo."

Tun daga ranar ya yi sallama da ruwan sanyi, sai shayi, wai tafasa na kashe su. Matarsa ta ce, "Maigida, lafiya?" Ya ce, "Ke dai ci gaba da sha, kya ga bayanki."

Ranar zuwan sufeto ta yi. Shugaba ya shigo da shi ɗakin yana ta ladabi. Sufeton kuwa dattijo ne, ya tsufa tukuf, bayansa ya ranƙwafa, yana dogara sanda. Ya zaga tebur, ya ɗaga siffar ruwan ya yaba. Malam ya saki ajiyar zuciya. Aiki saura ƙiris ya tabbata.

Sai dattijo ya yi tari, ya ce a taimaka masa da ruwa.

Shugaba ya ce, "Kai, kawo wa yallaɓai ruwa."

Gogan ya tsaya ƙyam, yana kallon bayan dattijo cike da tausayi.

"Ba ka ji ba ne? Wallahi ko ka kawo ruwan nan yanzu ko ka kama hanyar gida!"

Ya jingine tsintsiya ya ce, "Ranka ya daɗe, kore ni in za ka kore ni, amma ba da hannuna za a ƙarasa bawan Allahn nan ba. Dubi yadda ruwan da ya sha a baya ya lanƙwashe shi!"