Tarihin Yadda Sallau Mai Faci Ya Hura Ƙwallon 'Yan Alli

Muna farawa da sunan Wanda ya ba kowane mai rai numfashi. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwarzon zamani, sadaukin bakin titi, ma'abocin tiyo da bawul, Sallau Mai Faci na garin Kwarin Gamji. Ɗan Nomau mai gyaran keke, wanda famfonsa na hannu ya tsaya wa kekunan gunduma shekara arba'in bai taɓa cewa ya gaji ba. Jikan Cindo mai zuga a maƙera, wanda aka ce wuta na jin takunsa take yin ja. Tattaɓa-kunnen Bawa mahauci, wanda ke kafa baki a ƙafar yankakkiyar akuya ya hura ta da numfashi ɗaya har fata ta rabu da nama. Gida ne da bai gaji gona ba, bai gaji alƙalami ba. Hurawa ya gada, kaka da kakanni.

Ga wanda bai san ƙasar ba, sai mu yi masa bayani a taƙaice. Akwai dauloli biyu da kilomita goma sha ɗaya da wata karyayyiyar gada suka raba: Kwalejin Horon Malamai ta Kwarin Gamji, mai ɗalibai ɗari uku da 'yan kai, waɗanda ake kira 'Yan Alli, da Kwalejin Aikin Gona ta Tudun Faru, wadda kajinta suka ninka ɗalibanta, su kuma ana ce musu 'Yan Taki. Sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke, rundunonin biyu kan haɗu a fagen ƙwallon ƙafa a kan wani kofi mai kunne ɗaya. Kullum a Kwarin Gamji ake gwabzawa, ba don alfarma ba, sai don 'Yan Taki kan shuka masara a nasu filin duk shekara su ce darasi ne. Babu gidan rediyon da ya taɓa ambaton wannan wasa. Amma a garuruwan nan biyu akwai surukan da ba sa gaisawa tun wani fenareti da aka hana shekara bakwai da suka wuce.

Shi kuwa Sallau bai taɓa zama a ajin kwaleji ba, bai kuma taɓa sa ƙafa ya daki ƙwallo ba, ko da kuskure. Muƙaminsa ya fi haka. Shekara goma sha tara, duk jajibirin wasa, shi ake kawo wa ƙwallon ya ba ta iska da injinsa na tayar mota, kuma a tsawon shekarun nan babu alƙalin wasan da ya taɓa matsa ta ya ce a sake. Ladan wannan hidima shi ne gurbi a bencin gaba, ƙarƙashin rumfa, mutum uku tsakaninsa da shugaban kwaleji, da kwalbar lemo mai sanyi, da ambaton sunansa a lasifika. Sauran kwanakin shekara "kai mai faci" ake ce masa, 'yan acaɓa ma daga kan babur suke nuna masa taya da ƙafa. Ran wasa kuwa Malam Sallau ne. Mutumin nan yana son bencin nan har cikin ransa, tun saura wata guda yake kai babbar rigarsa wanki da guga.

Majalisar yaƙi tana zama ne kowace safiya a teburin Talle mai shayi, daura da rumfar facin Sallau. A makon da muke magana, tun ran Litinin aka jingine zancen siyasa da tsadar masara, aka shiga abin da ya fi su muhimmanci. An yi kwana biyu cur a kan marurun da ya fito wa golan 'Yan Alli a cinya: ɓangare guda na ganin a matse shi, ɓangare guda na ganin a bar shi ya nuna, wani dattijo kuma ya kafa hujjar cewa gola mai maruru ya fi tsayawa da ƙafafunsa, saboda tsoron faɗuwa a kai. Talle ya zana dabarun yaƙi a kan tebur da ƙwayoyin suga goma sha ɗaya, ya jera 'yan baya, ya tura 'yan gaba, kafin ya gama bayani ƙudaje sun mamaye tsakiyar fili.

Akwai kuma jakadan abokan gaba, Bagudu direban tarakta na Tudun Faru, wanda kan taso takanas kowace safiya ya sha shayin Kwarin Gamji ya zagi mutanenta.

"Lamba taranmu fa ƙwai goma sha biyu yake sha kullum, ɗanye, daga gidan kajin makaranta," in ji Bagudu. "Ku gaya wa mai marurun nan ya bar wasiyya."

"Bara ma ai ƙwan ya sha," in ji Talle, "ya zo gaban raga ya aika ta gonar rogon mutane."

"Iska ce ta ɗauke ta!"

"Iskar Sallau ce. Ba ta bin baƙo."

Majalisa ta kwashe da dariya har da tafi. Sallau ya gyara zama cikin ƙasaita, domin a ganinsa babban mutum ba ya amsa yabo da baki. Shayinsa kawai ya kurɓa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Ran Laraba fitina ta sauka, a kan ƙaramin babur, sanye da farin kambas. Malam Haladu ne, sabon malamin wasanni da aka turo kwalejin 'Yan Alli wata biyu da suka wuce, matashi mai ladabi da takardu, wanda laifinsa ɗaya a duniya shi ne yana karanta abin da aka rubuta a jikin kaya. Ya yi sallama, ya zaro wani ɗan famfo daga leda, tsawonsa bai wuce ludayi ba, da ɗan agogon awo a wuyan famfon.

"Baba Sallau, bana mun hutar da kai," ya ce. "Ƙwallo tana da adadin iskarta, a rubuce yake kusa da bawul. Wannan agogon shi zai nuna mana."

Maruwaita sun saɓa a kan tsawon shirun da ya biyo baya. Wasu sun ce har shayi ya huce, wasu sun ce bai kai haka ba. Abin da suka haɗu a kai shi ne Sallau ne ya katse shi.

"Malam, shekarunka nawa?"

"Ashirin da tara, Baba."

"To kana aji huɗu na firamare, da majina a hanci, na fara ba ƙwallon nan iska. Tirela nake tayarwa da injin nan. Tirela, Malam! Shi ne za ka zo mini da abin ɗura wa jariri magani?"

Muryarsa ta yi amo, amma ni mai wannan rubutu ina kusa, na gane abin da ke ƙarƙashinta. Tsoro ne ya kama shi. Ya hango bencin gaba da wani a zaune a gurbinsa, shi kuma a tsaye cikin rana bayan raga tare da masu sayar da rake.

Nan take majalisa ta tashi tawaga ta mutum tara, wadda ta koma mutum huɗu kafin a kai ƙofar kwaleji saboda zafin rana. Shugaban kwaleji ya saurare su a tsaye, mabuɗin mota a hannu, ya yanke hukuncin da tarihi ya adana: Sallau zai hura ta bana kamar kullum, amma ran Asabar, in alƙalin wasa ya matsa ya ce ba ta yi ba, to daga ranar aiki ya koma hannun Malam Haladu da agogonsa, gurbin benci kuma a ba wani.

Sai ga Jumma'a bayan la'asar, ranar da aka yi wa alkawari. Jama'a suka yi dafifi a bakin rumfar faci, 'yan acaɓa suka kashe babura, mai rake ya ajiye wuƙa, Bagudu ya faka taraktarsa a tsallaken titi ya haye kanta don kada komai ya wuce shi. Aka kawo ƙwallon a lotse kamar gurasar jiya. Sallau ya fito da singileti mai tabon baƙin mai, ya tsaya gaban injinsa, injin da ya girmi rabin 'yan kallo, wanda aka ɗaure salansarsa da waya, tankinsa da robar keke, sauran jikinsa kuma da addu'a. Ya naɗe igiya, ya kafa ƙafa, ya ja. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya sake ja, injin ya yi atishawa. Ya kwance fulogi, ya wanke da fetur, ya hura, ya harare shi, ya mayar.

"Ja, Sallau! Ja, ɗan Nomau!" in ji jama'a.

"Ko in kawo tarakta ta ja masa?" in ji Bagudu daga sama.

A ja na uku, wanda ya tattaro masa ƙarfin kakanni kaf, igiya ta tsinke, sadauki ya tafi da baya, taku ɗaya, taku biyu, taku uku, ya zauna daram cikin bahon ruwan da yake gwada huji a ciki, ruwan da ba a canza ba tun babbar Sallah, hularsa kuma ta bi shi don amana. Da ƙaramin jarumi ne, da a bahon nan tarihinsa ya ƙare. Sallau kuwa ya miƙe yana ɗiga, ya matse hula, ya karɓi igiyar guga daga hannun Talle, ya naɗe, ya yi kukan kura ya fizga. Injin ya tashi da ruri, hayaƙi ya turnuƙe rumfa da teburin shayi da rabin titi, har wata mota da ta zo wucewa ta kunna fitila.

Sannan ya lashi allura, ya soka a bawul, ya danna tiyo. Ƙwallo ta miƙe, ta cika, ta yi ƙyalli. "Ƙara!" in ji majalisa. Ya ƙara. Ɗinkin jikinta ya fara bayyana zare-zare. "Ƙara, kada 'Yan Taki su raina mu!" Ya ƙara, har na gaba suka fara ja da baya suna toshe kunne, har Bagudu ya sauko ya laɓe bayan tayar taraktarsa. Da ya zare allura ya ɗaga ta ya saki, sai ta daki ƙasa ta tashi sama, ta tsallake rumfa, ta sauka a kan kwanon shagon tela da ƙarar da ta watsa kajin unguwa, tela kuma ya fito da almakashi a hannu yana salati.

"Sallau na Nomau!" in ji Talle da ludayi a sama. "Mai cika abin da ya lotse! Tirela ta durƙusa, kai ka tashe ta! Wa ya ga agogo a gidan Cindo?"

Malam Haladu ya matso yana roƙon a bar shi ya auna sau ɗaya kawai, jama'a suka tare shi da ƙirji. "Alƙali aka ce, Malam, ba agogo ba." Ya koma gefe yana kallon ƙwallon, yana tausayin yatsun 'yan wasansa.

Aka ɗunguma zuwa kwaleji, babura na danna hon, Sallau a gaba da ƙwallo a bisa kai, har ƙofar sito, inda aka damƙa ta ga Baba Ilu, tsohon da ya riƙe mabuɗin wurin tun kafin a dasa darbejiyoyin makarantar. Baba Ilu ya karɓa ya ce an gode. Jama'a ta watse, kowa na faɗin yawan ƙwallayen da za a zura wa 'Yan Taki gobe, daga uku zuwa tara.

Sallau ya kai ƙofar fita sai ya ji kansa ba hula, ya tuna ya shanya jiƙaƙƙiyar hularsa a tagar sito. Ya juya shi kaɗai. Yana isa ya tarar da ƙofa a ɗan buɗe, wani sauti na fitowa daga ciki, sautin da duk mai faci ya sani ko daga nesa. Ya tura ƙofa. Baba Ilu na zaune a kan kujera, ƙwallon a tsakanin gwiwoyinsa, allura a bawul, iskar gidan Nomau tana fita a hankali tana tafiya abinta.

"Baba Ilu! Me nake gani haka? 'Yan Taki ne suka saye ka?"

Tsohon ko gezau. "Shigo, Sallau. Ai na ɗauka ka tafi." Ya matsa ƙwallon da tafin hannu ya ci gaba. "Shekarar farko da ka hura ta, wani ɗan wasanmu ya sa mata kai a atisayen safe, sai da aka yayyafa masa ruwa. Tun ranar nake rage ta. Iskarka ta taya ce, ba ta ƙwallo ba."

"Shekara goma sha tara?"

"Sau ɗaya na yi fashi, ina kwance ba lafiya. Shugaban kwaleji ne ya rage da hannunsa."

"Shugaba ya sani?"

"Shi da 'yan wasa, aji bayan aji. Talle ma ya sani, ai a nan ya yi karatu shekara biyu kafin ya koma shayi. Malam Haladu ne kaɗai ba a gaya wa ba tukuna, shi baƙo ne."

Sallau ya jingina da bango. Kunya ta rufe shi tun daga ƙafa har wuya. Ya so ya fizge ƙwallon, ya so ya ce su riƙe bencinsu da lemonsu, shi ba abin tausayin kowa ba ne. Har ya buɗe baki zai faɗa, mu kuma masu tarihi mun so ƙwarai a ce ya faɗa, ko ma sami abin kirki mu rufe littafi da shi.

"To gobe alƙali zai ce ta yi?" shi ne abin da ya fito.

"Kullum cewa yake ta yi."

"Benci fa?"

"Gurbinka na nan."

Sallau ya ɗauki hularsa daga taga, ya kifa ta a ka da danshinta. Ya leƙa waje hagu da dama, ba kowa sai awaki.

"Ci gaba, Baba," ya ce da ƙaramar murya. "Amma don Allah ka riƙa rufe ƙofa."